FILIN MANOMA: Sabon Gizo-gizo Mai Dafi, Da Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Yi

Ran kasuwar da ta wuce ina zaune a rumfar wani abokina mai sayar da iri da maganin feshi, sai ga wani dattijo manomi ya zo a gaggauce, ya ce a ba shi kwalabe biyu na maganin da ya fi kowane ƙarfi. Abokina ya ce, "Baba, tsutsa ce ta sauka ko fara?" Ya ce ba ko ɗaya. Ɗansa ne ya nuna masa hoto a waya, wai an gano wani sabon gizo-gizo baƙi mai jan zane, wanda in ya ciji mutum sai kabari. Saboda haka ya yi niyyar feshe rumbunansa, da dangar gida, da gonar wake, kada ya bar gizo-gizo ko ɗaya da rai.

Na roƙi dattijon ya ɗan zauna, muka yi magana mai tsawo. Abin da na gaya masa shi ne zan maimaita a nan, domin na tabbata ba shi kaɗai ya ga hoton nan ba. Ra'ayina kuwa shi ne, labarin gaskiya ne, amma feshin da ya yi niyya ɓarna ce. Abin da zai tsare manomi daga gizo-gizo mai dafi shi ne ya san kamanninsa da inda ya ke ɓuya. Wanda ya ce zai kashe duk gizo-gizon da ke gonarsa, to, ya kori ma'aikatan da ke yi masa aiki ba lada.

INA AKA SAME SHI?

Gizo-gizon da ke cikin hoton nan ba a ƙasarmu ya ke ba. A Afirka ta Kudu aka same shi, a arewacin lardin KwaZulu-Natal, kusa da iyakar Mozambik. Daga Kano zuwa can ya fi mil 3,000. A shekarar 2014 aka fara ganin mace guda ɗaya a gandun dajin giwaye na Tembe. Masu aikin kiyaye namun daji suka ga ba ta yi kama da waɗanda aka sani ba, suka yi ta lura da ita wajen shekara biyu. Daga baya aka sami waɗansu a gandun dajin Phinda, masana suka gwada su da sauran danginsu, suka tabbata iri ne dabam. A shekarar 2019 aka buga bayaninsa, aka raɗa masa suna Latrodectus umbukwane. Kalmar nan ta ƙarshe daga harshen Zulu ta ke, ma'anarta kuwa abin kallo, watau abin da ba ya yiwuwa mutum ya wuce bai tsaya ya duba ba.

Sunan ya dace da shi. Macen baƙa ce mai sheƙi, da jan zane a gadon bayanta da kuma ƙarƙashin cikinta, tana kuwa cikin mafiya girma a danginta duka. Jakar da ta ke saƙawa ta zuba ƙwai a ciki launin shunayya gare ta sa'ad da ta ke sabuwa, in ta bushe sai ta koma toka-toka. Daga jaka ɗaya 'ya'ya ɗaruruwa ke fitowa. Mazauninta kuwa kogon itace ne da ruɓaɓɓen kututture, cikin wani irin kurmi da ke tsirowa a kan tsohon rairayi. Kurmin nan kaɗan ne a duniya, ba a samunsa sai a yankin nan da kudancin Mozambik.

Ku lura da abu guda. In an ce "sabo", ba a nufin jiya aka halicce shi, ko kuwa ya taso ne zai mamaye ƙasa kamar fara. Yana nan cikin kogonsa tun kakannin kakanni, sai dai yanzu ne masu ilmi suka rubuta shi a littafi. Irin gizo-gizon da aka riga aka ba suna a duniya sun wuce 50,000 tun shekarar 2022, kowace shekara kuma ana ƙara ɗaruruwa. A cikin dubban nan, waɗanda cizonsu ke iya kai mutum asibiti 'yan kaɗan ne ƙwarai.

DANGINSA

Turawa suna kiran dangin nan da sunan da ke nufin baƙar mai takaba, domin wani lokaci macen ta kan cinye namijin bayan barbara. Mutanen Afirka ta Kudu kuwa suna ce musu gizo-gizon maɓalli, saboda cikinsu a dunƙule ya ke kamar maɓallin riga. Sun fi iri talatin, suna warwatse a ƙasashe masu ɗumi. Kafin a sami wannan, iri shida aka sani a kudancin Afirka, huɗu baƙaƙe, biyu masu ruwan ƙasa. Macen ce mai haɗari. Gangar jikinta ba ta cika wuce rabin inci ba, kamar ƙwayar gujiya. Namijin ɗan mitsitsi ne, da wuya cizonsa ya yi wa mutum wani abu.

Abin da ya sa maganar nan ta shiga filin manoma shi ne, tun da can masu aikin gona su ne dangin nan suka fi cizo. A gonakin alkama na yammacin lardin Kef, a Afirka ta Kudu, masu girbi sun daɗe da sanin baƙin maɓalli, domin yana saƙa a gindin alkama, in an rungumo dami sai a matse shi a jiki. A Italiya da ƙasashen bakin Bahar Rum akwai wani mai jajayen ɗigo goma sha uku a bayansa, shi ma lokacin girbi ya fi cizo. A tsakiyar Asiya makiyaya suna tsoronsa saboda raƙuma da dawakai. A Ostareliya akwai mai jan baya, wanda ya ke son ƙarƙashin tarkace da bakin masai.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne mai ruwan ƙasa. Shi kam ya bazu ko'ina cikin ƙasashe masu zafi, har da yawancin Afirka, kuma ya saba da zama kusa da mutane: ƙarƙashin kujera, bayan tukunya, cikin tsohon garwa, da lungun rumbu. Alamarsa biyu ce. Ta fari, a ƙarƙashin cikinsa akwai tambari ja-ja ko ruwan lemo, mai siffar kalangu, watau tsukakke a tsakiya. Ta biyu, jakar ƙwansa 'yar dunƙulalliya ce fara-fara mai tsinaye, kamar ƙarangiya. In ka ga wannan jaka a rataye cikin yana, ka san uwar tana kusa. Yanarsu kuwa ba irin shimfiɗaɗɗiyar nan mai kama da faifai ba ce da mu ke gani tsakanin karan dawa da safe. Tasu a hargitse ta ke, ba tsari, zarenta da ƙarfi, a cikin lungu mai duhu. Cizon mai ruwan ƙasa bai kai na baƙaƙen tsanani ba, yawanci zafin ya kan tsaya a wurin cizon.

YADDA DAFIN KE AIKI

Dafin dangin nan jijiyoyi ya ke kamawa. Jijiya ita ce ke kai saƙo ga tsoka ta ce mata motsa ko tsaya. Dafin ya kan sa bakin jijiyar ya yi ta zuba saƙo ba ƙaƙƙautawa, sai tsoka ta ɗaure ta ƙi saki. Da fari mutum ya kan ji kamar an soke shi da allura, wani ma ba ya ji. Cikin sa'a guda sai ciwo ya hau daga wurin cizon zuwa hammata ko matse-matsi, sa'an nan baya, da ƙirji, da ciki. Cikin ya kan yi tauri kamar allo, gumi ya yi ta karyowa, jini ya hau, ga tashin zuciya da rashin sukuni. Saboda taurin cikin nan a kan ɗauka wani ciwon ciki ne mai bukatar fiɗa, in ba a gaya wa likita cewa wani abu ya ciji mutumin ba.

Ciwo ne mai tsanani, ban rage masa kome ba. Amma maganar "sai kabari" ba haka ta ke ba. Yawancin waɗanda aka ciza su kan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku, waɗansu su kai mako suna jin kasala. Mutuwa tana da wuya ƙwarai, wanda ya fi shiga haɗari kuwa shi ne ƙaramin yaro, da tsoho, da mai ciwon zuciya. Akwai kuma allurar makarin dafin. A Ostareliya an fara amfani da ita tun shekarar 1956, a Afirka ta Kudu ma ana yin tasu. Bayan haka, gizo-gizon nan matsoraci ne. Ba ya bin mutum. In ka taɓa yanarsa sai ya ruga cikin lungu, ko ya dunƙule ya faɗo ƙasa kamar matacce. Ba ya cizo sai an matse shi da fata, ko kuwa an taɓa uwa tana gadin ƙwanta.

DON ME NA CE KADA A FESHE?

Dalili na fari, feshin ba zai biya bukata ba. Mai takaba tana can cikin tsaga da rami inda magani ba ya isa, ƙwanta kuma yana naɗe cikin jakar siliki. Waɗanda maganin zai kashe su ne na fili, watau masu saƙa tsakanin ganye da masu farauta a ƙasa, su kuwa ba su da laifin kome.

Dalili na biyu, gizo-gizo ba ya cin gero, ba ya cin wake, ba ya huda auduga. Abincinsa ƙwari ne: ƙuda, da sauro, da ƙananan tsutsotsi, da 'ya'yan fara, da malam-buɗe-littafin da ke zuba ƙwan tsutsa. A shekarar 2017 waɗansu masana biyu na Turai suka yi lissafi, suka ce gizo-gizon duniya duka suna cin abin da ya kai tan miliyan 400 zuwa 800 kowace shekara, mafi yawansa ƙwari. Sun kuma nuna cewa mafi yawan aikin nan a daji da makiyaya a ke yinsa, a gonaki kuwa kaɗan ne, domin noma da feshi suna rage su. Ashe ke nan mu da kanmu mu ke rage masu taimakonmu.

Wanda ke shakka, ga abin da ya faru a Indonesiya. Manoman shinkafa na can sun shiga feshi ba ji ba gani, gwamnati kuwa tana sauƙaƙa musu kuɗin magani. Sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan jikin shinkafa, wanda da can bai dami kowa ba, ya zama annoba. Da aka bincika sai aka tarar maganin yana kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron, amma ƙwan ƙwaron yana cikin karan shinkafa, magani ba ya taɓa shi. In ya ƙyanƙyashe sai ya tarar ba mai cinsa, ya yi ta yaɗuwa. A shekarar 1986 Shugaba Suharto ya hana amfani da magunguna iri 57 a gonakin shinkafa. Daga baya aka buɗe makarantu a bakin gona, inda manoma ke shiga fadama da kansu suna koyon rarrabe ƙwaro mai ɓarna da mai amfani. Wannan darasi ne ga masu noman shinkafa a ko'ina, har da namu na Kura da Argungu da Haɗeja.

Dalili na uku, maganin da aka yi don gona ba na rumbu ba ne. Wanda ya fesa shi a kan hatsin da iyalinsa za su ci don tsoron gizo-gizo, ya guje wa ƙaramin haɗari ya faɗa babba. Ga kuma asarar kuɗi. Kuɗin kwalabe biyun nan, a irin tsadar da a ke ciki, gara a sa su a taki.

ABIN DA ZA A CE MINI

Na san wani zai ce, "Malam, kai a takarda ka ke magana. In ɗanka ne aka ciza, kana ƙauyen da ke nesa da asibiti, ga damina ta yanke hanya, za ka tsaya kana lissafin ƙudan da gizo-gizo ya ci?" Wannan magana ce mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Ran yaro ya fi gonar wake. Ni ma ban ce a bar mai takaba ta yi gida a ɗakin yara ba. Wadda ka gani a ɗaki, ko a masai, ko inda yara ke wasa, ka kashe ta da takalmi ko sanda, ka murƙushe jakar ƙwanta, ka share yanar. Wannan ba ya cin ko sisi, ya kuma fi feshi tabbas, domin ka ga gawar da idonka. Abin da na ƙi shi ne a ɗora laifin ɗaya a kan dubu.

Wani kuma zai ce ai duk gizo-gizo ɗaya ne, wa ke da lokacin juya cikinsa ya duba kalangu? To, ai mun iya rarrabewa in mun so. Manomin da ya san kasa ya san kububuwa ya san gamsheƙa, ya san gero daga maiwa tun suna tsiro, ba zai kasa gane jaka mai kama da ƙarangiya ba. Abin da ya hana mu shi ne ba mu taɓa ɗaukar gizo-gizo a bakin kome ba. A tatsuniya mun mai da Gizo maƙaryaci mai wayo, a ɗaki kuwa kowane ƙurji ya fito wa mutum da dare sai a ce tautau ne, alhali ba wanda ya gan shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mu kuwa ko sarar ba a yi mana ba, hoto kawai muka gani.

ABIN YI

Ga abin da na ke ba da shawara, musamman da kaka. Kafin ka ɗauki damin da ya kwana a gona, ka buga shi da sanda, ka juya shi. Kada ka zura hannu cikin kogon itace, ko ramin gara, ko ƙarƙashin tarin kara, sai ka duba. Mai hali ya sa safar hannu da riga mai dogon hannu. Takalmi da rigar da suka kwana a rataye a rumfar gona, a kakkaɓe su kafin a sa. Kafin a zuba sabon hatsi a share rumbu ciki da waje da ƙarƙashinsa, a liƙe tsagogi da laka. 'Yan kasuwa masu ajiye buhuna, da akawuna masu kula da sito, su sa a riƙa ɗaga kaya ana share lunguna, gama dangin nan sun iya bin kaya. Ta haka mai jan bayan Ostareliya ya isa Japan, inda aka fara ganinsa a Osaka a shekarar 1995. Duk wannan kuwa maganin kunama ne ma, wadda ta fi gizo-gizo damunmu nesa ba kusa ba.

In kuwa an yi cizon, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a kwantar da hankalin mutumin. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. Dafin ya riga ya bi jiki, tsagawa sai ƙarin rauni. In ciwo ya fara hawa, ko gumi ya karyo, ko ciki ya ɗaure, a nufi asibiti ba jira. Yaro, da tsoho, da mace mai ciki, a kai su tun ba a ga alama ba. In an kashe abin da ya yi cizon a tafi da shi cikin kwalba, ko a ɗauki hotonsa, likita ya gani.

Ga malaman gona kuma ina da roƙo. Kuna zagawa kuna koya mana tazarar shuka da awon taki, madalla. Ku haɗa da nuna wa manoma ƙwarin da ke taimakonsu, a cikin gona, da abin a hannu. Masu sayar da magani su ma su ji tsoron Allah, su tambayi mai saye abin da zai kashe kafin su miƙa masa kwalba, kamar yadda abokina ya yi.

Saura magana ɗaya game da gizo-gizon Phinda. Abin da masanan da suka same shi ke tsoro ba cizonsa ba ne, ƙarewarsa ce. Kurmin da ya ke zaune ƙanƙane ne, sara da sharar gona suna cinsa a wajen gandun daji. In kurmin ya tafi, shi ma ya tafi. Halitta ce mai jan zane da jakar ƙwai shunayya, a ƙasar da ke da jami'o'i da masana da yawa, amma ba a rubuta ta ba sai 2019. To, ina ga abin da ke cikin kogon kuka da tsohuwar ɗorawa a dazuzzukanmu, waɗanda mu ke sarewa don gawayi, mu ke cinna wa wuta kowace rani don ɓera? Wanda ya ƙone dajin da ke gefen gonarsa ya ƙone mafakar masu cin ƙwarin da za su sauko masa da damina.

Dattijon nan dai bai sayi maganin ba. Ya sayi irin wake mudu biyu, ya ce zai sa jikokinsa su share ƙarƙashin rumbu, shi kuwa zai tsaya a kansu da sanda a hannu. Na ce masa ya fara dubawa da kansa kafin yaran su sunkuya.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba mu kaka mai albarka, amin. Sai mako mai zuwa.